Daga Salala zuwa Sawakin cikin ayari: littafin tafiya, 2010

Talata, 2 ga Fabrairu, Salala, Oman

Jiya da dare na iso ta Maskat. Jirgin maigida yana tashar Raisut, nesa da gari, a wani lungu da aka bar wa ƙananan jirage bayan inda manyan jiragen kwantena ke sauke kaya. Tsawonsa mita 13, jigo ɗaya, filafilai biyu na yadi, sai injin Perkins mai silinda huɗu. Maigida mutumin Italiya ne, ya haura saba'in. Na san shi tun ina kanikanci a jiragen masu nutso a Bur Sudan. Shi da uwargida sun taso daga Tailan, sun biyo ta Sirilanka da Maldibs, suna son komawa gida ta Bahar Maliya da Suwez. Inji da Larabci ne suka sa ya kira ni.

Tsakanin nan da Adan ta Yaman mil 600 ne na teku, ko ƙasa da haka kaɗan, duk a bakin ruwan da 'yan fashin Somaliya ke farauta. Jirgi irin namu mil biyar yake ci a awa. Kwalekwalensu mai injin Yamaha yana cin ashirin. Don haka babu mai son fita shi kaɗai, ana ta haɗa ayari.

Alhamis, 4 ga Fabrairu

Taron farko. Jirage 14 suka rubuta suna. An naɗa madugu, wani ɗan Ostareliya da ya yi rayuwarsa yana tuƙa jiragen kasuwa. Bai ɓoye wa kowa komai ba. Ya ce a bara kaɗai, 2009, an lissafa hari 217 na 'yan fashin Somaliya, sun kama jirgi 47, sun yi garkuwa da mutum 867. A watan jiya aka saki katafaren jirgin mai na Girka, Maran Centaurus, bayan an biya fansar da ta haura dala miliyan biyar. Ƙananan jirage ma ba su tsira ba. Paul da Rachel Chandler, mata da miji 'yan Ingila, tun 23 ga Oktoba aka ɗauke su daga jirginsu kusa da Seshels, har yau suna hannu. A Afrilun bara aka kama Tanit, jirgin Faransawa mai ɗauke da yaro ɗan shekara uku. Sojojin Faransa sun kutsa sun ƙwato su, amma uban yaron, Florent Lemaçon, ya rasu a musayar wutar. Akwai iyali biyu masu yara a cikinmu. Da aka zo kan wannan labari, ɗaya daga cikin iyayen mata ta ja 'yarta suka fita waje.

Sai maganar sojoji. Jiragen yaƙi suna nan da yawa: na Tarayyar Turai da ke aikin Atalanta tun Disamban 2008, na NATO, da rundunar haɗin gwiwa ta CTF 151. Tun Fabrairun bara suka shata hanya a tsakiyar tekun, layi biyu, kowanne faɗin mil biyar, da tazarar mil biyu a tsakani. Amma manyan jirage aka shata wa. Rukunin da ya fi kowanne jinkiri a cikinta mil goma yake ci a awa, ninkin namu. Shawarar da suke ba masu ƙananan jirage ita ce kada su zo sam. In sun ƙi ji, su yi rajista da ofishin sojan ruwan Ingila na UKMTO da ke Dubai da cibiyar Turai ta MSCHOA, su riƙa aika inda suke kullum. Rakiya dai babu.

Aka yi ta ja-in-ja kan hanya. Wasu na son a bi gefen waccan hanya ta sojoji don a kasance kusa da jiragen yaƙi. Wasu suka ce ai can ne 'yan fashi ke kwanto, tunda can nama yake. Aka ƙare a kan bin gaɓar Yaman, mil goma zuwa sha biyar daga tudu. Ni ma nan na jefa ƙuri'ata.

Asabar, 6 ga Fabrairu

Na buɗe tankin dizal, abin da nake tsoro na tarar. Ƙasansa cike da baƙin tabo mai yauƙi. Man da suka sha a tsibirai akwai ruwa a ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa a inda ruwa da mai suka haɗu. Muddin jirgi na tsaye lafiya lau ne. Ranar da igiyar ruwa ta girgiza tankin, tabon zai tashi ya toshe filta, inji ya mutu. A wannan lokaci na shekara iskar arewa maso gabas ba ta da ƙarfi a mashigin Adan, yawancin tafiyar da inji za a yi ta, ga shi ayari ba ya jiran iska.

Na zuƙe man duka zuwa jarkoki da ƙaramin famfo, na zura hannu ta ƙofar tankin har kafaɗa ina kwasa da tsumma. Tankin yana da shinge a ciki, hannu ba ya kai wa ɗakin baya, sai da na lanƙwasa waya na ɗaura tsumma a bakinta. Lita 40 na ƙasa ba su tacuwa, mun ba masu tasha su zubar inda suke zubarwa. Sauran na tace sau biyu. Na kuma ƙara filta ta biyu da makunni a tsakaninsu, yadda in ɗaya ta toshe zan juya zuwa ɗayar ba tare da an kashe inji ba.

Maigida ya tsaya a kaina yana cewa, “Malam, ka huta haka, gobe ma rana ce.” Na ce masa gobe ta jiragen maƙwabta ce.

Litinin, 8 ga Fabrairu

Na duba injin jirage biyar. Biyu tankinsu irin namu. Ɗaya robar famfon ruwansa ta zubar da haƙora uku, sai da na bi su na zaƙulo daga cikin bututun sanyaya inji. Na canza fambel biyu.

Talata, 9 ga Fabrairu

Yau aka yi rigimar da na san za a yi. Akwai wani dattijo Bajamushe, shi kaɗai a ƙaramin jirgin ƙarfe mai mita tara, injinsa doki 18. Da aka gwada shi a bakin tasha, mil huɗu da rabi ya iya riƙewa. Masu manyan jirage biyu, irin masu gindi biyun nan da ke cin bakwai ba wahala, suka ce a cire shi. Hujjarsu ba ta banza ba ce: rabin mil a awa, in ka lissafa a kan mil 600, ya haura awa 13 na ƙarin zama a cikin hatsari, kuma su ne masu yara. Sannan mutum ɗaya ba zai iya kwana biyar ido biyu yana riƙe da layi ba.

Dattijon bai ce uffan ba, yana ta juya hularsa a hannu. Kowa ya san in an bar shi, shi kaɗai zai bi bayanmu, don in iskar bana ta wuce sai baɗi, kuma kuɗinsa ba za su kai shi baɗi ba.

Na nemi a ba ni kwana biyu. Na ce ban yarda injin ne ya gaza ba, na fi zargin gindin jirgin da farfela. Wani saurayi ɗan Sifen daga jirgi mai mutum huɗu ya ce shi zai koma wurin dattijon su riƙa karɓa-karɓa. Madugu ya ce in ya kai biyar ranar Alhamis, yana ciki.

Aka taɓo maganar bindiga. Mutum biyu na ganin da an samu da an riƙe. Madugu ya ce duk wanda ke da ita ya faɗa yanzu ya fita daga ayarin, don harsashi ɗaya daga ɓangarenmu ya isa a buɗe wa jirage 14 wuta, su kuwa har da roka suke yawo. Babu wanda ya ce yana da ita.

Alhamis, 11 ga Fabrairu

Na nutse ƙarƙashin jirgin dattijo jiya da yau. Ƙwanson teku ya lulluɓe farfelar har ba a gane siffarta, gindin kuma ciyawa ce kamar ta shekara. Mun kankare. Na wanke nozul, na daidaita bawul. Ya ci biyar da ɗigo biyu. Yana ciki.

Da yamma aka yi atisaye a wajen tasha. An raba mu rukuni uku, Ja da Fari da Kore, kowane jirgi da lambarsa, ba a kiran sunan jirgi a rediyo. Mu ne Kore 2, a baya, tunda kanike a baya ya kamata ya zauna. Dattijo Kore 4. Dokokin su ne: oba-oba a kan ƙaramin ƙarfi, wat ɗaya maimakon 25, don kada murya ta yi nisa, ba a faɗin inda ake a fili, sai dai a ce saura mil kaza zuwa zango na kaza, ba fitila a kan jigo, sai 'yar ƙarama a baya daf da ruwa, kowa ya ɗaura igiyar ja a gaba da baya tun daga tasha. In an ga abin zargi, madugu zai faɗi kalma guda, kowa ya matso har tazara ta zama tsawon jirgi biyu.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Na gaba ba su rage gudu ba, na baya suka kasa cim musu, jirage biyu na rukunin Fari suka gogi juna har ƙarfen shinge ya lanƙwashe. Aka sake, aka sake, har ya zama muna haɗuwa cikin minti shida. Daga inda ido ke fara hango kwalekwale, wajen mil uku, minti tara ya ishe shi ya iso.

Akwai sharaɗi ɗaya da madugu ya bari sai ƙarshe. Wanda injinsa ya mutu, ayari duka zai tsaya a ja shi. Amma in masu bindiga suka riga suka hau jirgin wani, sauran za su ci gaba da tafiya suna kiran agaji, babu mai juyowa. Ya sa kowa ya amsa da bakinsa. Na amsa. Gaskiya ce, juyowa ba za ta ƙara komai ba sai yawan waɗanda za a kama. Duk da haka na kasa cin abincin dare.

Juma'a, 12 ga Fabrairu

Na yi Juma'a a gari, na biya kasuwar Haffa na saya wa Inna lubban. Na so hawa dutse in ziyarci inda mutanen nan ke cewa kabarin Annabi Ayuba ne, lokaci bai bari ba. Na kira gida. Inna ta ce, “Kakanninka da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, a ayari, ba su san wanda zai kai ba. Kai dai ka riƙe addu'a, kada ka rabu da jama'a.” Na ce to, Inna.

Asabar, 13 ga Fabrairu

Alhamis da Juma'a ne hutu a nan, sai yau aka buga mana takardun fita. Lissafin maigida:

Dizal lita 340 a kan baisa 146 kowace lita (baisa dubu ne riyal ɗaya), riyal 50 ba kaɗan. Jarkoki goma sababbi, riyal 25. Filtoci, fambel, robar famfo da man inji, riyal 62. Hayar mota da muka yi karo-karo, riyal 18. Katin wayar tauraron ɗan'adam, dala 150. Riyal ɗaya na Oman dala biyu da santi 60 ne.

Muna ɗauke da lita 500, tanki da jarkoki. Injin na shan kusan uku a awa, wato 360 zuwa Adan. Ragowar ta ja ce, ko ta wanda nasa ya ƙare. Na kuma sa uwargida ta ware kwalaben ruwa, biskit da sukari a jaka guda kusa da sitiyari, saboda masunta.

Lahadi, 14 ga Fabrairu

Mun ɗaga anka ƙarfe tara. An zaɓi yau ne don wata ya ɓuya, darare masu duhu ne a gabanmu. Iska kaɗan daga baya, inji na aiki, filafili ɗaya a buɗe. Da dare riƙe layi ya fi yadda na zata wuya. Idonka na kan 'yar fitilar na gabanka, ka ɗauke kai ka duba inji, ka dawo ka rasa wacce ce tasa a cikin guda biyar.

Litinin, 15 ga Fabrairu

Mun wuce Ras Fartak kafin azahar. Muna ruwan Yaman. Lafiya. Madugu ya aika wa Dubai inda muke. Gadi awa uku-uku tsakanina da maigida, uwargida na karɓar na rana.

Talata, 16 ga Fabrairu

Wajen ƙarfe biyu na dare Fari 3 ya yi kira, muryarsa na rawa: inji ya tsaya cak. Ya afka tarun masunta, irin dogon nan da ake bari yana yawo ba fitila. Ayari ya tsaya kamar yadda aka yi alkawari. Tsayuwar jirage 14 a duhu ba fitila ita kanta hatsari ce, kowa na juyawa yadda igiya ta ga dama, rediyo ta cika da “wane ne a damana?” Madugu ya daka tsawa a yi shiru, ya sa na gaba su riƙa tafiya a hankali, mu na baya mu kewaye Fari 3.

Babu mai shiga ruwa da dare a ƙarƙashin jirgin da ke tashi yana faɗuwa. Muka yanke abin da ƙugiya ta iya kamowa daga sama, muka jefa masa igiya, muka ja shi. Da nauyin jirgi biyu injinmu ya riƙe uku da rabi, zafinsa ya hau, na zauna a gabansa da tocila a rufe da hannu har asuba. Gari na wayewa na shiga da wuƙar burodi, wadda ta fi kowace wuƙa cin igiyar roba. Tarun ya naɗe sandar farfela ya narke ya zama dunƙule kamar dutse. Na fi awa ɗaya ina nutsewa ina fitowa. Ƙwanso ya yayyanka mini hannu, uwargida ta wanke ta ɗaure.

Mun yi asarar kusan awa huɗu. Wani masunci kuma ya wayi gari tarunsa a yanke, wanda wataƙila bashi ya ci ya saya. Babu hanyar da za mu san shi balle mu biya.

Laraba, 17 ga Fabrairu

Da hantsi muna daura da Mukalla. Daga nan zuwa Bosaso ta Somaliya, kudu sak, bai kai mil 200 ba. Nan ne yankin da kowa ke tsoro.

Wajen sha ɗaya Ja 1 ya hango kwalekwale uku daga hagu, ta ɓangaren teku, suna tahowa a guje. Madugu ya faɗi kalmar. Muka matso, wannan karon cikin tsari. Aka tura yara da mata ciki. Madugu na kan waya da Dubai. Na ɗauki madubin hangen nesa. Kowane kwalekwale mutum uku ko huɗu, fuskokinsu a naɗe da rawani, ido kawai ake gani. A rediyo wani ya fara ihu, “Sun rufe fuska, sun rufe fuska!”

Abin da nake nema da ido daban ne. Mai zuwa fashin jirgi yana ɗauke da dogon tsani mai ƙugiya da jarkokin mai da yawa, ba ya ɗaukar kayan su. Waɗannan akwai babban akwatin ƙanƙara a tsakiyar kowanne, da igiyoyin fatsa a naɗe, tsuntsaye kuma na bin su. Naɗe fuska kuwa, duk wanda ya wuni a kwalekwale a wannan rana da gishiri zai naɗe, masuntanmu na Bur Sudan ma haka suke yi. Na kama rediyo na ce masunta ne, kowa ya tsaya a layinsa. Ban rufe baki ba wani daga rukunin Fari ya harba harsashin haske na neman agaji, ba sama ba, kai tsaye wajensu. Ya faɗa ruwa 'yan taku kaɗan daga kwalekwalen farko. Da cikinsa ya faɗa, kan jarkar fetur, da yanzu wani labari ake yi.

Suka ja baya suka tsaya cirko-cirko. Na ce wa maigida ya fita daga layi ya nufe su. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya juya sitiyari. Na hau gaba na ɗaga hannu biyu na yi sallama da ƙarfi. Babban cikinsu ya kwance rawaninsa, dattijo ne mai furfura, ya amsa, sannan ya ce, “Ɗan'uwa, me muka yi muku?” Na ce, “Baba, ku yi haƙuri, tsoro ne ya yi musu yawa.” Ya ce garken kifi suke bi, ya ratsa ta gabanmu, kuma ruwan shansu ya ƙare tun jiya. Ya ce su ne suka fi mu shan wuyar 'yan fashin: ana ƙwace musu jirage a mayar da su uwar tafiya mai ɗaukar kwalekwalen fashi zuwa nesa, sannan jiragen yaƙi su tare su suna bincike kamar su ne ɓarayin. Na miƙa masa jakar. Ya jefo mana kifin tuna guda, ya ƙi karɓar ko sisi.

Na fi jin zafin wannan a kan taru da ja. Tun da gwamnatin Somaliya ta rushe a 1991 tekun nan ba shi da mai shi, manyan jiragen su na ƙasashen waje suka yi ta kwasa, daga baya masu bindiga suka gano cewa mutum ya fi kifi tsada. Talakan da ke neman abincinsa a tsakani shi ke kwana ciki, a Yaman ne ko a Somaliya. Mu kuma mun zo wucewa ta ƙofar gidansa mun harba masa wuta.

Mun ba Balhaf tazara sosai. Tashar iskar gas ce sabuwa, a Nuwamban bara ta fara lodi, sojoji na gadinta.

Alhamis, 18 ga Fabrairu

Bayan tsakar dare wani jirgin katako ya ratsa ta bayanmu ba fitila, ya nufi tudu. Injinsa kawai muka ji, da wari. Mai yiwuwa masu safarar mutane ne daga Bosaso. A bara sama da mutum 70,000 suka tsallako Yaman ta ruwa daga Somaliya da Habasha. Bai kula mu ba.

Da asuba a tasha ta 16 ta rediyo, ta kiran gaggawa, muka ji wani jirgin kasuwa can kudu yana kiran jirgin yaƙi, kwalekwale na bin sa. Aka amsa masa, aka ce helikwafta na tafe. Daga nan muryoyin suka yi nisa.

Wannan kira ne ya fasa mana ayari. Da rana masu gindi biyun nan suka ce sun gaji, saura mil ɗari da 'yan kai, za su wuce. Madugu ya tuna musu abin da suka amsa da bakinsu. Suka ce yaransu ne a gaba. Suka ƙara wuta, wani jirgi ɗaya ya bi su, kafin magariba sun ɓace. Ban iya zaginsu ba, na ga fuskar yaran a Salala. Amma ɗaya daga cikinsu ne ke da na'urar rada mafi kyau a ayarin, shi ne idonmu na dare ta ɓangaren teku, kuma ya san haka. Madugu ya sake tsara mu rukuni biyu, mu 11.

Filtar Kore 4 ta toshe da yamma. Saurayin nan ɗan Sifen ya canza ta ina faɗa masa ta rediyo, ya fitar da iska daga bututu, inji ya tashi. Minti ashirin.

Juma'a, 19 ga Fabrairu, Adan

Alhamdu lillahi. Mun shiga da hantsi, jirage 11 a jere, dattijo a tsakiya. Mun jefa anka a Tawahi, gaban tsohuwar matsayar fasinja ta zamanin Ingilishi. Ukun da suka riga mu suna nan lafiya. Takardar sauka ba ta fito ba sai bayan la'asar, Juma'a ta wuce ni. Dizal da ya rage mana lita 105. Barci.

Litinin, 22 ga Fabrairu

Taron ƙarshe na babban ayari. An yi maganganu masu zafi. Na faɗi nawa: a tafiyar nan sau uku inji ya tsaya ko aka ja wani, kuma duk ukun da mutum shi kaɗai ne da yana can yana yawo a ruwa kwana da kwanaki, a inda ba a son a daɗe. Wannan ayari ya yi maganinsa. Ko yawanmu ya kori wani mai mugun nufi, wannan Allah ne masani. Abin da na gani da idona shi ne 14 sun yi yawa: tsoron mutum ɗaya yana bin rediyo ya kama kowa cikin daƙiƙa. Da ni ne, jirage biyar ko shida masu gudu ɗaya, da mai jin Larabci a cikinsu, da sharaɗin cewa ba mai taɓa harsashin haske sai madugu ya ce. Wanda ya harba ya zo ya same ni daga baya, ya ce a idonsa bindigogi ya gani. Na yarda haka ya gani.

Mun sha dizal lita 300. Na tace kowace jarka kafin ta shiga tanki. Dala tana sama da riyal 200 na Yaman, kayan miya da burodi da araha. Na je Kireta, tsohon garin Adan, na yi salla a masallacin Aidarus, na ga tsofaffin matattarar ruwa ta Tawila.

Alhamis, 25 ga Fabrairu

Mun fita da la'asar, jirage biyar, har da dattijo. Mil 100 zuwa Babul Mandab, ƙofar shiga Bahar Maliya. Tsarin dare yana nan, amma wata ya kusa cika, ana ganin juna.

Juma'a, 26 ga Fabrairu

Mun wuce tsibirin Mayyun da safe. A wannan lokaci iskar kudu ke matsowa ta wannan ƙofa, kuma ta same mu da ƙarfinta. Jirgi na cin bakwai da ƙaramin filafili kaɗai, igiyar ruwa na tasowa daga baya kamar za ta shigo. A nan ayari ya watse da kansa, ba mai iya riƙe layi, sai dai kira a rediyo duk awa biyu. Kwalekwale ma ba zai iya aiki a irin wannan ruwa ba. Muka tsallaka hanyar manyan jirage zuwa ɓangaren Iritiriya. Wajen azahar iska ta juya babban filafili da ƙarfi, ɗinki ya farke kusan mita biyu. Mun sauke shi da kyar.

Yau Mauludi. A gida yanzu an kafa rumfuna, yara na cin alewa.

Litinin, 1 ga Maris, Masawwa

Duka biyar mun iso wannan tasha ta Iritiriya. Ni da uwargida mun wuni muna ɗinki da hannu, allura na bin tsofaffin ramuka. Na canza man inji. Daga nan maganar 'yan fashi ta ragu, ta murjani da iskar arewa ta fara.

Talata, 9 ga Maris, Sawakin

Mil 250 ɗin nan sun ci mana kwanaki. Iska ta koma arewa, a hanci. Mukan tashi da asuba, mu shige wani lungu kafin la'asar tun rana na sama ana ganin duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa. Jiya muka shigo ta doguwar mashigar Sawakin, muka jefa anka kusa da kangayen tsohon gari. Ta wannan tasha kakana ya tsallaka Jidda a jirgin katako, da ya dawo ya zauna. Yaya ya zo daga Bur Sudan ya tarye ni da mota, tafiyar kilomita 60.

Maigida ya biya ni dala 1,200 kamar yadda muka yi, ya ƙara 200. Aikina da shi ya ƙare a nan, wani ɗan'uwansa zai zo ya raka su Suwez. Kafin su tashi zan canza robar da ke riƙe sandar farfela, ta fara kaɗawa tun daren da muka ja Fari 3. Injin dattijo kuma yana cin mai fiye da kima, zoben fistin ne. Ba a samun nasa a nan, na aika a nemo a Jidda a sako a jirgin fasinja. In sun iso ranar Asabar, aikin kwana uku ne. Sauran jirage ukun sun ce za su jira shi.